Yatsa Ɗaya Ba Lalle

Da asuba, kafin ladanin Garkawa ya sauke murya,
nakan murza hannun Inna tsakanin tafukana,
don yatsa mai sanyi maƙaryaci ne.
Sai in ɗauko ƴar na'urar nan mai baki irin na ɗan tsako,
ta cafki yatsan tsakiya, ba cizo,
jan haske ya ratsa farce,
mu yi tsit mu biyu, ana auna mana numfashi.

Tis'in. Tamanin da tara. Tis'in kuma.
In rubuta a tsohon kayen lakkol na Zalika,
a shafukan da lissafi ya bari.
Majo Harira ta gaya mini a asibiti:
"Huhun Tassalla ba na ɗari ba ne, kar ki nemar masa ɗari.
Tamanin da takwas zuwa tis'in da biyu, nan ce gonarta.
In ya faɗo ƙasa ya ƙi hawa,
ɗauko ta, ko tsakar dare ne, ko da kuɗin bashi."

Shekara talatin da ɗaya a bakin tashar Tawa,
tanda a gaba, ɗanyen itace a ƙasa,
masu zuwa Ƙonni, masu zuwa Agadas,
kowa ya ci masa ya kaɗe hannu ya wuce, hayaƙi ya zauna.
Da hayaƙin nan aka yi mini kayan ɗaki.
Da shi Shaibu ya biya mota zuwa Abijan,
shi ne ya aiko na'urar cikin kwalin sabulu, da pil huɗu.
An rushe murhu tun bara waccan,
amma a ƙirjinta ba a kashe garwashi.

Jajibirin Salla ta ce sai an sa mata lalle,
baƙi wuluk, har farce, irin na ƙuruciyarta.
Da safe na'ura ta yi ta ƙifta ido,
ta ce saba'in da tara, ta fasa, ta yi shiru.
Na fita ba takalmi ina kiran mai adaidaita.
Na dawo na iske ta tana dama fura,
tana yi wa akuya faɗa, dogon faɗa, ba tsayawa.
Wanda iska ta ƙare wa ba ya zagin akuya haka.
Na yi dariya har na zauna a ƙasa, dariya mai haushi.

Wani dare kuma, kuran ya ɗauke,
na'ura ta ce tis'in da ɗaya, lafiya lau.
Na haska fuskarta da wayata.
Leɓe kamar toka.
Ta fara Fatiha, ta yanke a Rahimi,
ta sake farawa, ta yanke.
Ban tsaya gardama da lamba ba.
Kwana shida muka yi a gado na bakwai,
tana shan iskar kwalba,
ni ina ƙirga nishi.

Tun daga nan nake karatu biyu:
na gilashi, da na kafaɗa mai ɗagawa,
taku nawa daga ɗaki zuwa randa,
kalma nawa kafin ta huta.
Na'ura shaida ce, ba alƙali ba.

Yanzu in za a sa lalle, takan miƙa tara.
Na tsakiyar dama ta naɗe shi a bakin zane.
A gidan suna mata su ce, "Tassalla, an manta ɗaya."
Ta ce, "Wannan ɗan aike ne, ba ya kwalliya,
shi ke kai labarina wurin likita."
Da shi take jan carbi bayan Isha.
Ita tana ƙirga nata, ni ina ƙirga nawa,
in kwanta a bakin ƙofarta, kunne ɗaya a buɗe,
in ji tari, in ji shiru,
in jira ƙirji ya sake tashi.